Nauyin kiɗan rok ba a maɓallin ƙara yake ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Mu masu ɗaukar sauti ne a nan Maradi. Wata magana ce ta yi yawa a bakin samarin da suka rungumi jita ta lantarki, tun daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo, wai istidiyoyin garin nan ba za su taɓa fitar da kiɗan rok mai nauyi ba saboda ba su da kayan miliyoyi. Ba mu yarda ba. Kayan sun yi ƙaranci, gaskiya ne, amma abin da ke kashe aikin tun kafin a zo ga kaya shi ne rashin bin matakai. Za mu kafa hujja da wani faifai na ƙasar Sabiya, don ya fito daga wurin da ba Landan ba, ba Amurka ba, kuma har yau ana sauraronsa.

Sunan ƙungiyar Riblja Čorba, ana faɗarsa Ribliya Corba da irin "c" namu na Hausa, ma'anarsa romon kifi. An kafa ta a Belgirad a 1978, lokacin birnin yana hedikwatar Yugoslabiya. Faifan da muke nufi shi ne na ukunsu, Mrtva priroda, wanda kamfanin PGP-RTB ya fitar a ƙarshen 1981, kuma shi ne na biyu da suka fitar a cikin wannan shekara guda. Mutum biyar ne: Bora Đorđević a waƙa, Rajko Kojić da Momčilo Bajagić a jita, Miša Aleksić a bas (jita mai kaurin murya), Vicko Milatović a ganguna. Wanda ya riƙe musu aikin furodusa Bature ne ɗan Ingila, John McCoy, mai kaɗa bas a ƙungiyar Gillan ta Ian Gillan, mawaƙin ƙungiyar rok ta Deep Purple. An sayar da ɗaruruwan dubban kwafi, kuma wata waƙa a ciki ta jawo wa Bora fushin ƙungiyoyin tsofaffin mayaƙa na ƙasar. Bora ya rasu a Satumban 2024. Ba kalmomin waƙoƙinsa muke tallatawa ba, da yawansu ba masu faɗuwa a gaban surukai ba ne, kuma siyasar da ya bi daga baya ta raba kan mutanensa. Aikin kunne kawai ya kawo mu.

A lura da lissafin nan: jita biyu, bas ɗaya, ganguna, murya. Kuma wanda aka ɗora a kan aikin mai kaɗa bas ne, mutumin da sana'arsa ita ce sanin abin da ke ƙasan kiɗa. Nan ne samarinmu suke kuskure. Sukan ɗauka nauyin rok daga jita yake fitowa, sai su murɗe maɓallin gurnani, wanda ke kausasa muryar jita, har ƙarshe. Alhali igiyar jita mafi kauri tana kaɗawa sau 82 ne a daƙiƙa, ta bas kuwa sau 41. Abin da ke bugun ƙirjin mai sauraro bas ne da babbar gangar ƙafa idan sun sauka a lokaci guda. Jita tufafi ce a kan wannan jiki.

Kafin a taɓa mikoro sai an gama da wuta, kuma a Maradi wannan shi ne rabin aikin. Wutarmu bolt 220 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan "huuum" da ake ji a bayan jita muryar wutar ce da kanta, haz 50 (wato kaɗawa sau 50 a daƙiƙa) tare da ƴaƴanta 100 da 150. Ampilin rok, wato na'urar ƙara wa jita sauti, yana ninka duk abin da ya shige shi, don haka gunjin da ba a ji a kiɗan piyano sai ya zama kamar jirgi a kiɗan jita. Maganinsa na farko wayar ƙasa ce ta gaskiya: sandar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a kafa ta a inda ƙasa ke da damshi. Rairayin garin nan busasshe ne a rani, ba ya shan wuta da kyau, shi ya sa ake kafa sandar kusa da inda ruwa ke zuba, ko a riƙa jiƙa wurin. Na biyu, kwamfuta da ampili da lasifikoki duka su sha wuta daga mahaɗi guda. Idan ampili yana wannan bango, kwamfuta tana wancan, kuma wayar sauti ta haɗa su, an yi zobe, gunji kuma ya samu hanya. Firji da fanka mai maɓallin rage gudu a raba su da wannan layi.

Akwai wata dabara da ke yawo, ta karya ƙafar ƙasa ta filogin ampili don gunji ya tafi. Yakan tafi ɗin. Amma ranar da waya ta tsirga a cikin ampili, igiyoyin jita za su ɗauki wutar, kuma mawaƙin da hannunsa ke kan igiya, leɓensa ke kan mikoro, shi ne zai zama hanyar ƙasa. An rasa rayuka ta haka a dandalin kiɗa a ƙasashe da dama. Ɗan akwatin nan da ake kira DI, wanda ake bi ta cikinsa a haɗa jita ko bas da na'urar ɗaukar sauti, yana da maɓallin da ke yanke zoben ta wajen wayar sauti kaɗai, shi ne halal ɗin wannan dabara.

Gurup kuwa, wato janareto, laifinsa biyu: ƙararsa tana bin bango da ƙasa, sannan idan nauyi ya canza gudunsa yakan yi sama da ƙasa, har matatar sauti da aka saita don tace haz 50 ta riƙa kuskure gunjin. Ƙaramin istidiyo ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba bai cika wuce wat 1000 ba, saboda haka batir da inbata sun isa ɗaukar waƙa, muddin inbatar mai fitar da wuta sumul ce irin ta gari. Mai arha, wadda wutarta ke fita da kusurwa-kusurwa, ƙuda take zubawa a cikin kowane layi, kuma ba ya gogewa.

Sai ɗaki. Kiret ɗin ƙwai da ake liƙawa a bango ado ne kawai. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka igiyar sautin haz 100 ta kai mita 3.4, kuma takarda mai kaurin yatsa ba ta ko san ta wuce ba. Abin da ke aiki shi ne allon da aka cusa wa auduga ko ulun dutse mai kaurin santimita 10, a bar ɗan sarari tsakaninsa da bango, kusurwoyi kuma a cika su fiye da haka. Ɗaki mai mita 3 a kan 3 shi ne mafi sharri, domin tsawo da faɗi duka suna kumbura sauti guda, wajen haz 57, daidai inda gangar ƙafa take zaune. Mai haɗa sauti zai ji ƙasa ta yi yawa ya rage, a fita waje a tarar waƙar ba ta da gindi. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi ginin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba, ga sanyi, ga bangon da ba ya mayar da amo da kaifi. Wanda yake da irinsa a Bagalam ko Mokoyo kada ya yi saurin rushewa.

Ganguna ake fara ɗauka, kuma mikoro huɗu sun isa. Ɗaya a cikin babbar gangar ƙafa, kimanin santimita 10 zuwa 15 daga inda guduma ke bugu idan ana son "tak" ɗin ya fito, a ja shi baya idan ana son "dum". Ɗaya a kan ƙaramar ganga mai wayoyi, yatsu biyu ko uku sama da bakinta, yana kallon tsakiya. Biyu a sama. Waɗannan biyun su ne ke ba da wahala: dole nisan kowannensu daga tsakiyar ƙaramar gangar ya zama ɗaya, wajen mita guda, kuma da igiya ake aunawa, ba da ido ba. Dalilin shi ne idan sauti guda ya isa mikoro biyu a lokuta daban, wani sashensa yakan cinye kansa. Bambancin santimita 17 rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, amma ya isa ya haƙa rami a haz 1000, ganga ta koma kamar ana buga kwali. Idan an ƙara mikoro a ƙarƙashin ƙaramar ganga, a juya masa fuska a kwamfuta da maɓallin da ke da alamar da'ira mai sara a tsakiya, domin lokacin da fata ke gudu daga na sama, tana nufar na ƙasa ne.

Kafin wannan duka a ɗaure fatun. Kowane ƙusa a murɗa shi rubu'i-rubu'i, ana tsallakawa zuwa kishiyarsa, ana ƙwanƙwasa kusa da shi har amon ya daidaita ko'ina. Duk mai kalangu ya san ganga ba ta magana sai an ja ta daidai, wannan ma haka take. Gangar da aka ɗauka ba a ɗaure fatarta daidai ba, aka ce za a gyara a kwamfuta, gyaran gangar Abzinawa za a yi mata. Mai bugun kuma a roƙe shi ya sassauta wa fayafayan tagulla, ya ƙarfafa hannu a kan fata. Tagullar da aka daka ta shiga kowane mikoro, kuma babu mai fitar da ita.

Bas ya bi baya, ta akwatin DI kai tsaye. Abin dubawa ɗaya ne: yatsan mai bas da ƙafar mai ganga su sauka tare. Idan ba su sauka ba a sake, ko sau goma ne.

Yanzu jita, inda aka fi ɓarna. Igiyoyi sababbi, a sa su kwana guda kafin ɗauka, a ja su da hannu har su daina sauka. Gumin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana cinye igiya cikin ƴan kwanaki, ta dushe. A saita a kan haz 440, sannan a duba gaɓa ta 12: dole ta ba da sautin buɗaɗɗiyar igiya a sama daidai. Idan ta yi sama, a ja sirdin igiyar baya, idan ta yi ƙasa a matso da shi. Jitar da ba a yi wa wannan ba za ta yi daɗi a gindin wuya, ta yi ɗaci a sama. Hunturu yana busar da katakon wuya, damina tana kumbura shi, don haka saitin Janairu ba ya kai Agusta. Ƙurar hunturu kuma ita ce ke sa maɓalli ya riƙa "ƙarrr" idan an murɗa, a fesa masa ruwan wanke mahaɗin lantarki, ba man keke ba. A sake saita igiya kafin kowace ɗauka, ba kowace waƙa ba.

Ba a buƙatar ampili mai wat 100. Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, kuma sai an ninka sau goma kunne ke jin ƙara ta ninka. Mai wat 15 da lasifika guda ta inci 12 ya ishi mikoro, ga zaman lafiya da maƙwabta. Idan mai kwalabe ne a ciki, kada a kunna shi ba lasifika a haɗe, kuma lambar om da ke rubuce a jikin ampili da ta lasifika su dace, 8 da 8, 16 da 16, in ba haka ba taransifoma ce za ta ƙone. A ɗaga shi daga ƙasa a kan kujera. Mikoro irin Shure SM57 a sa shi santimita 2 zuwa 3 daga ragar gaba, a daidai inda ƙoƙon tsakiya ya haɗu da takardar lasifika. Tsakiya sosai kaifi ne mai cizon kunne, gefe sosai duhu ne. Matsar da shi da kaurin yatsa guda ya fi murɗe-murɗen awa guda a kwamfuta.

Gurnanin kuwa a saita shi inda mai kiɗa yake jin daɗi, sannan a rage kashi ɗaya cikin uku. Zai yi ƙorafi, a bar shi ya yi. Gurnani yana aske kan sauti ne, kuma idan ya yi yawa ba a bambanta bugu mai ƙarfi da mai taushi, igiyoyi shida su zama kunu guda. Faɗin da ake ji a fayafayan rok daga maimaici yake zuwa: a kaɗa sashen sau biyu, ɗauka biyu daban, a kai ɗaya kunnen hagu, ɗaya na dama. Kwafa layi guda a liƙa ba ya yin wannan, ƙara kawai yake ƙarawa a tsakiya, kuma idan an ɗan jinkirta kwafin don a yaudari kunne, ramin nan da muka ambata zai dawo da zarar an saurara a lasifika guda. Ƙungiya mai jita biyu irin su Kojić da Bajagić tana da wannan a hannu tun daga gida, mutum biyu, hannu biyu, ampili biyu. Aikin furodusa a nan shi ne hana su kaɗa abu guda a wuri guda: in ɗaya yana gindin wuya, ɗaya ya hau sama. Jita mai maganaɗisu siriri, irin wadda makaɗan Agadas suka fi so, ta fi ɗaukar gunji. Mai ita ya riƙa juyawa a tsaye a hankali har ya sami fuskar da gunjin ya fi raguwa, a yi masa alama a ƙasa da alli. Wayoyin salula a fitar da su ɗakin.

A kwamfuta a saita ingancin ɗauka a kan 48,000 a daƙiƙa, bit 24, kada ƙololuwar sauti ta wuce desibel 10 zuwa 6 ƙasa da sifili, wato ƙarshen ma'aunin kwamfuta. Zamanin su McCoy kan kaset mai faɗi ake ɗauka, wanda in an matsa masa yakan lanƙwasa sautin da taushi. Kwamfuta ba ta da wannan kunya, in sauti ya taɓa jan layin ma'auni sai ta fasa shi. Kowane layi yana cin kimanin megabait 8.6 a minti, wato waƙar minti 4 mai layi 16 ta haura megabait 550 a ɗauka guda. A ajiye kwafi a faifai na biyu kowace yamma, don an sha ɗauke wuta a tsakiyar adanawa.

Murya ba za mu daɗe a kanta ba. Mawaƙin rok yakan yi ihu, mikoro na hannu ya fi dacewa da shi fiye da mai tsada da ke jin har kukan akuyar maƙwabta. A kashe fanka, a ɗauki minti huɗu, a kunna a sha iska. Na'urar gyaran murya da ta zama gishirin waƙoƙinmu na yanzu, a nan ba ta da gurbi, ƙaiƙayin maƙogwaro shi ne kayan.

Wajen haɗawa, a yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80 zuwa 100 daga jita, wurin na bas da ganga ne. Tsakanin 200 da 400 nan laka take taruwa, a rage kaɗan daga masu cunkoso. Jita da murya suna rigima tsakanin 2000 da 4000, kuma jita ce za ta yi haƙuri. Sai wani abu da ya shafe mu fiye da mutanen Belgirad: yawancin masu sauraronmu a salula za su ji waƙar, bayan ta bi ta WhatsApp ko katin memori, kuma lasifikar salula ba ta san haz 41 ba. Don bas ya fito a can, a ba shi ɗan gurnani kaɗan da zai haifar masa da amo a wajen 700 zuwa 1000. A gwada a lasifika guda, a gwada a rediyon mota, a gwada a salula mai arha. Kuma a yi haɗin da ƙara ƙasa-ƙasa, yadda za a iya hira a kai. Desibel 85 awa 8 ne iyakar abin da kunne zai jure a yini, 100 kuwa minti 15, kuma kunnen da ya fara ƙugi ba a sayar da sabonsa a Kano.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya sa ake cewa faifai, ba tarin waƙoƙi ba. Baƙin faifan 1981 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowace fuska tana ɗaukar kimanin minti 20. A bakin faifai allura tana cin kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa wajen 20, saboda haka sauti mai kaifi da ƙara yakan lalace a ciki. Wannan ya sa masu aikin wancan zamani suka saba sa waƙa mai zafi a farkon fuska, mai sanyi a ƙarshe, kuma duk waƙar da ba ta kai ba a bar ta a waje don babu wuri. Yau ba abin da ya tilasta wa kowa, shi ya sa ake fitar da waƙa 18 da ba mai kai wa ta shida. Shawararmu ga ƙungiyar da ke son faifan farko: waƙa 8 zuwa 10, minti 35 zuwa 40, a ɗauki gangunan duka cikin kwana biyu ko uku ba tare da an motsa mikoro ba, don faifan ya zama murya guda. Kafin nan a yi wata biyu ana atisaye har kowa ya iya sashensa ido rufe, domin istidiyo wurin biya ne da awa, ba makaranta ba. A kuma rubuta wa ya yi kalmomi, wa ya yi kiɗa, a kai rajista hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, tun ana ga-maciji da juna.

Ɗauko kunnen waje ba abin kunya ba ne. Mutanen Belgirad sun kira McCoy, suka sake kiransa a faifan da ya biyo baya a 1982. Bombino namu na Agadas ya je Nashbil ta Amurka ya yi faifansa na 2013 da furodusa Dan Auerbach. Wanda ba shi da kuɗin jirgi ya nemi wani daga Damagaram ko Yamai, ko ma daga unguwar gaba, muddin ba abokin kowa ba ne a ƙungiyar, kuma an yarda tun farko cewa in ya ce a sake, za a sake.

Mun gode da filin, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu masu ɗaukar sauti,
Maradi.